Lafiya Lau a Ƙarƙashin Ruwa

Shekarun baya, ina da hamsin da huɗu a duniya, da furfura da tumbi daidai gwargwado, 'yata ta fari ta shigo falonmu a unguwar Highbridge da ke Bronx ta ɗora min wani littafi mai kauri a cinya. A bangonsa hoton wani mutum ne cikin baƙar rigar roba, da tukunyar iska a gadon baya, yana kallon kifi kamar sun yi makaranta tare.

"Na sa sunanmu, ni da kai. Za mu koyi nutso, mu karɓi satifiket." Da Turanci ta faɗa. Hausa tana jin ta sarai, amma amsa sai da harshen makaranta.

Na ce, "Mamana, laifin me na yi miki?" Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa haka nake kiranta.

Ta yi bayani. Ta gama jami'a, ta samu aiki a Florida, saura wata uku ta tafi, kuma can ruwa ne ko'ina. Dokar masu nutso ita ce mutum ba ya shiga shi kaɗai, sai da abokin shiga wanda zai sa masa ido, shi ma ya sa masa. Ta ce ni take so in zama nata, in riƙa zuwa hutu muna shiga tare. Ta ƙara da cewa tun da aka haife ta ba mu taɓa yin wani abu mu biyu ba, ban da in zaunar da ita in bi aikin gidanta da jan biro. Dole na amince.

Mai ɗakina ta ce, "To Malam, Allah ya tsare. Ka dai nuna min inda takardun gida suke." Abokina kuwa, mutumin Maraɗi mai sayar da jakunkuna a Canal Street, sai da ya riƙe tebur don dariya.

"Haba Malam! Allah ya shimfiɗa maka ƙasa, ya ba ka iska kyauta ko'ina ka juya. Kai kuma sai an ɗura maka ita a tukunya, ka goya ta kamar jariri, ka tafi inda babu ita?"

Na ce masa ilimi ne. Ya ce ya ji, Allah ya ƙara basira.

Sashen karatu bai ba ni wahala ba. Shekara goma sha bakwai na yi ina koyar da kimiyya a sakandare a Kano kafin in zo ƙasar nan, don haka yadda nauyin ruwa ke matse iskar da ke cikin kunne da hanci, da dalilin da ya sa ba a nutso da mura, duk tsohon darasi ne. Na ci jarrabawa babu kuskure ko ɗaya. Har na nuna wa malamarmu, wata matashiya da a ce a Kano ne da ta zauna a ajina, wani waƙafi da aka sa ba a muhallinsa ba a littafin. Ta gode min irin godiyar da ake yi wa wanda ya taka maka ƙafa ya ce sannu.

Daga nan aka koma wurin ninƙaya, a ƙarƙashin wani gini a Manhattan. Shiga rigar robar nan kaɗai ya isa a ba mutum takardar shaida. Na yi minti ashirin ina kokawa da ita, na fito ina haki kamar buhun da aka cika aka ɗinke, sai Mamana ta raɗa min cewa zif ɗin baya yake komawa.

A nan aka koya mana magana da hannu, tun da baki a toshe yake da abin shaƙar iska. In abokin shigarka ya haɗa babban yatsa da manuni ya yi da'ira, yana tambaya ne: lafiya? In lafiya kake, ka mayar masa da da'irar. In da matsala, ka shimfiɗa tafin hannu ka karkaɗa shi, sannan ka nuna wurin da ke damunka. Malamar ta maimaita sau biyu cewa wannan ba gaisuwa ba ce, tambaya ce. Na gyaɗa kai, na rubuta, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

To amma ku da kuka san gidajenmu kun san sauran. A wurinmu wannan tambayar amsa ɗaya gare ta. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ranar da aka kasa tayar da shi zaune, duk wanda ya shigo ya ce ya jiki, cewa yake da sauƙi, alhamdu lillahi. Haka aka yaye mu. Sannan a haɗa da wanda ke tambayar: 'yar fari, wadda ko sunanta ba na kamawa. Ban taɓa ce mata kaina na ciwo ba. A wurin ninƙayar ruwa ya riƙa shiga gilashin fuskata har ya taɓa min ido, ta yi min da'ira, na mayar mata da da'ira ina shaƙar ruwa ta hanci. Zurfin bai wuce tsayin mutum biyu ba, babu abin da ya faru, sai na ɗauka dabara ce mai ci.

Matakin ƙarshe nutso huɗu ne a buɗaɗɗen ruwa cikin kwana biyu. Aka kai mu wani tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika, a Pennsylvania, ga sanyi ya fara shigowa. Na tashi da 'yar mura. A mota Mamana ta ji ina jan hanci ta tambaya, na ce iskar na'urar mota ce. A bakin ruwa malamar ta bi mu ɗaya ɗaya, akwai mai mura, akwai mai ciwon kunne? Ni da na ci wannan tambayar a takarda na ce mata lafiyata ƙalau, har da murmushi.

Ana sauka ne ta bin wata igiya zuwa wani dandamalin katako da ke can ƙasa, kamar ƙafa ashirin da ɗoriya. Duk ɗan taƙi sai ka matse hanci ka hura a hankali har kunne ya yi ɗan ƙas, ya buɗe. Na dama ya buɗe. Na hagu ya ƙi. Na hura, na haɗiyi yawu, na motsa muƙamuƙi, duk abin da littafi ya ce, shiru. Mamana tana gabana, fuskarta daf da tawa a cikin koren ruwan nan. Ta yi da'ira. Hannuna ya mayar mata tun kafin kaina ya yi shawara.

Muka ƙara sauka. Yanzu kamar ana murza min ƙusa a kunne. Ta sake tambaya, na sake amsawa. Abin da ke raina, in zan faɗi gaskiya, lissafi ne irin na marar hankali: saura kaɗan mu isa, mutum shida na biye da mu a igiya, ba ni zan tsayar da jama'a ba, kuma ba a gaban yarinyar nan ba. Na matse hanci na hura da ƙarfi, wanda shi ne ainihin abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe kada a yi. A karo na uku ta daɗe tana kallona kafin ta ɗaga yatsun. Na ba ta da'ira mai kyau, zagayayya, wadda za a iya sawa a littafi.

Muna taka dandamalin na ga idanunta sun fito. Ashe jini ne ya taru a ƙasan gilashina. A can ƙasa ba ja yake ba, baƙi-baƙi ne. Ta damƙe igiyar kafaɗata, ta kira malamar da hannu, suka sa ni a tsakiya muka hau a hankali, a hankali, ba ta yi gaggawa ba, daidai yadda aka koya mana. Ɗayanmu dai ya yi aiki da karatun.

Kanmu na fitowa ta tofar da abin bakinta. Abin da ya fito Hausa ce, da karin Bronx, a gaban Turawa goma.

"Baba, ka yi min ƙarya! Sau uku!"

Na ce, "Ba ƙarya ba ce, Mamana. Ladabi ne." Ina faɗa jini na bin gemuna.

Malamar ba ta ji Hausa ba, amma ba ta nemi fassara ba. Ta ce ba zan sake taɓa ruwa ba sai da takardar likita. Aka haɗa 'yata da wani tsohon ɗan kwana-kwana mai zane a damtse, ta gama nutsonta huɗu da shi. Ni kuwa kwana biyu ina kan benci, lulluɓe da tawul, ina gadin takalman mutane. Duk fitowarsu sai mutumin nan ya ɗago min hannu cikin fara'a. Ban taɓa jin haushin mutumin kirki irin nasa ba.

A hanyar komawa na shirya mata lacca. Na fara da cewa kowace al'umma tana da yadda take ɗaukar ciwo, na kawo juriya, na kawo kunya, ina shirin shiga tarihi. Ta bar ni na kai rabi.

"Da ka suma a can ƙasa, wa zai ɗauko ka?"

Ba ta jira amsata ba.

"Ni ce. Kuma ni zan shiga gida in faɗa wa Mama. In da'irarka ɗaya ce ko kana lafiya ko kana mutuwa, me zan yi da ita? Ba zan sake shiga ruwa da kai ba."

Likita ya leƙa ya ce dodon kunnen bai fashe ba, amma ya ji jiki, sai an yi makonni. Ya ce in kwatanta zafin daga ɗaya zuwa goma. Na ce biyu. Mamana ta ajiye wayarta ta kalle ni. Na ce bakwai. Abin takaicin, a ƙasar nan aikina tafinta ne a asibiti. Kullum ina tsaye tsakanin likita da wani dattijon Zango ko wata Hajiyar Damagaram, ana tambaya suna cewa da sauƙi, ni kuma ina faɗa: Baba, nan ba zaure ba ne, ku faɗi inda ke ciwo. Har suna na yi a kan wannan.

Kafin kunnen ya warke an rufe ramin saboda hunturu, ita kuma ta tafi Florida. Ta riƙa turo wa mahaifiyarta hotunan kunkuru da murjani, ita da wasu abokan shiga da ban sani ba. Ni gaisuwa kawai. Wata shida ina jin haushi, ina canza wanda nake jin haushinsa: malamar, ɗan kwana-kwana, wanda ya ƙirƙiro nutso. Da jerin ya ƙare sai na kira ta na ce, "Mamana, na yi kuskure. Ina so in ƙarasa, kuma da ke nake so." Ban taɓa haɗa waɗannan kalmomin a jimla ɗaya ba, har sai da na ji sun yi min baƙunta a baki. Ta ce za ta zo a watan Mayu, amma da'irar ƙarya ɗaya ta gani, an gama har abada.

Muka koma ramin, igiyar nan dai, sababbin ɗalibai a bayanmu. Ba mura a wannan karon, amma kunnen hagu ya riƙe ƙullaci. Ƙafa goma ya toshe. Ta yi da'ira. Wallahi sai da na ga yatsuna sun fara lanƙwasa da kansu. Na buɗe su da ƙarfi, na shimfiɗa tafin, na karkaɗa, na nuna kunne. Ta gyaɗa kai kawai, muka ɗan hau sama, muka jira, na hura a hankali, ya yi ƙas. Sau huɗu na tsayar da layin a saukar nan, mutum shida na rataye a igiya cikin ruwa mai sanyin ƙanƙara suna jiran kunnen wani tsoho. Babu wanda ya mutu saboda jiran. Washegari malamar ta sa hannu a takardata, ta ce ni ne ɗalibi mafi jinkirin sauka da ta taɓa yayewa, kuma da ni za ta fi yarda ta shiga. Ban gyara mata komai a maganar ba.

Har yau in na tuna sai na ji kunya ta kama ni, ba ta ramin ba, ta shekarun da suka gabace shi. Na ɗauka ɓoye ciwo sauƙaƙa wa mutane ne. Ashe wanda ke kusa da kai aiki kake ƙara masa, don dole ya zauna yana karanta fuskarka yana hasashe. Ban canza duka ba. A masallacinmu na Tremont ko ƙafata ce ta gutsure, lafiya lau za ku ji, kuma ina ganin daidai ne, wannan gaisuwa ce. Amma akwai mutum biyu uku a duniya da in sun tambaya, tambaya suke yi. Mun shiga teku da ita sau da dama tun daga lokacin.

Watan jiya ta kira, muryarta a dishe kamar wadda ta yi kuka. Na ce ya aiki, ya jiki? Ta ce komai lafiya, Baba. Na sake tambaya, ta sake cewa lafiya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na rufe bakin wayar da hannu na ce wa mahaifiyarta, "Ji yarinyar nan fa! Ana jin abu na damunta, tana ce min lafiya. Mutum ya yi yaya da irin wannan?"

Mai ɗakina ba ta ko ɗago daga albasar da take yankawa ba.

"Ka tambaye ni, Malam. Shekara talatin ina yi."