Allurar Baba da Tatsuniyar Iya

A gidanmu na Gyadi-Gyadi, da an idar da magariba sai mu kewaye murhun Iya, kakarmu, mu jira tatsuniya. Babanmu mai gyaran rediyo ne. Wata shekara aka ba shi aikin haɗa kwamfuresa, akwatin da ke danne murya in ta yi ƙarfi, domin liman ya kusa fasa lasifikar masallacinmu. Da ya rasa muryar gwaji, sai ya ajiye makirufo a gaban Iya, ya cusa ƙarfensa na narkar da dalma cikin garwashinta.

Akwatin yana da mita mai allura, kuma ita ta rikita mu. Duk sanda Iya ta ɗaga murya, sai allurar ta koma baya.

"Kai Sule, ƙaryata ni take yi?" in ji Iya.

"A'a Iya, abin da aka rage take nunawa," in ji Baba.

Ba wanda ya gane. Baba ya ce har yanzu bai samo rizistar da ta dace da mitar ba, wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai tare wa allura wuta. Da ya sa ƙarama, allurar ta bugi bango har ta kusa lanƙwasa. Da ya sa babba, ko motsi ba ta yi ba. Iya ta ce yanzu kuma raini ya shigo.

Nan ta ce ga wata tatsuniya nan tafe, muka ce ta iso. Wai wata yarinya ce da muryarta ke fasa tukwane. Wata tsohuwa a bakin rafi ta ba ta tsakuwa ta sa ƙarƙashin harshe don ta danne muryar. Ta sa ƙarama, ta haɗiye. Ta sa babba, ta kasa ko sallama.

"To wacce ta yi mata daidai?" na tambaya.

"Ranar da ubanku ya samo tasa, ku zo ku ji."

Mun matsa wa Baba lamba, har yayata ta daina yi masa magana. Ya samo kuwa, ta tsakiya ce, ya haɗa da wata mai murɗawa. Amma a makon Iya ta kwanta ciwo, muryarta ta dushe. Na roƙi Baba ya sake ajiye mata makirufo, ta yi ƙoƙarin magana, allurar na tsaye cak. Na ce akwatin ya lalace. Baba ya ce lafiyarsa lau, babu abin ragewa ne kawai. Daga nan Iya ba ta sake yi mana tatsuniya ba.

Yau ni ke haɗa irin akwatunan nan a shagona na Tarauni, kuma na iya lissafin rizista. Wani lokaci ina zargin Iya a take ta ƙirƙiri labarin don ta zolayi ɗanta, ba shi da ƙarshe tun asali. Wani lokaci kuma na ce yana da shi, mu muka makara. Abin yana damuna har yanzu. Duk mitar da na saita, da labarin yarinyar nan nake gwada ta, kuma inda Iya ta tsaya nan nake tsayawa.