Binnen da na sa Yaya ya yi

A shekarar ina koyar da Turanci a firamaren ƙauyenmu, can gefen Kunci, ina ji da kaina ƙwarai. Sabon dawowa daga kwaleji a Bici, har buga allo nake yi ina bambanta wa yara kalmomi: prophecy sai annabawa, forecast kuwa hasashe ne na masana, yana iya faruwa, yana iya ƙi.

Damina ta yi jinkiri. Yayana shi ke noma gonar gado yana ciyar da mu duka, kuma irin gero kwano huɗu kacal ya rage masa, sauran tuni mun ci. Wata la'asar ya same ni a ƙofar gida, ya miƙo wayarsa. Saƙo ne da Turanci daga masu duba yanayi, wai ruwa zai sauka cikin kwana uku.

"Malam," in ji shi, don haka yake tsokanata, "abin nan da suka rubuta, alkawari ne ko zato?"

Forecast suka rubuta. Na san amsar sarai. Amma maƙwabta na zaune bisa tabarma sun zuba mini ido, ni kuwa ban iya cewa zato ne ba.

"Na'ura ce ta hango daga sama, Yaya. Ka yi binne kawai."

Wani dattijo ya ce gawo bai ma fara kaɗe ganye ba, alamar damina da saura. Na yi masa dariya. Washegari Yaya ya zuba irin duka a busasshiyar ƙasa, ya rufe, muka zauna jiran ruwa.

Ya zo kuwa, yayyafi, daidai wanda zai sa iri ya tsiro. Daga nan sama ta wanke tas. Kullum da na tashi daga makaranta sai in ɗauki jarka biyu in nufi rijiya, ina bin shuka rami-rami kamar zautacce. Kafin in kai ƙarshen layi, farkonsa ya bushe. Tsoro ya hana ni cin abinci. Na yi ta roƙon Allah ko Yaya zai zage ni in samu sauƙi, bai zage ni ba.

Ran da ruwan gaske ya sauka, tsiron duk ya mutu, kuma babu abin shukawa a gidanmu. Mutane na fita gona, Yaya na ɗaure kayansa zai tafi Kudu neman aikin ƙarfi. Ya kamo hannun babban ɗansa ya sa a nawa.

"Ka koya masa Turancin," in ji shi. "Amma don Allah ka koya masa ya iya cewa 'ban sani ba'."