Baƙon da Ba Ya Tare Iska

Ƙa'idar ayarin masu keke ita ce kowa ya shiga gaba ya tare wa sauran iska, sannan ya koma baya ya huta. Baƙon da ya shigo jiya bai taɓa shiga gaba ba. Ƙwaurinsa kamar taɓarya, amma yana manne kamar kaska da tayar wani tsohon ɗan ayarin da ake kira Dattijo.

Gwiwar Dattijo a kumbure take. In ta gaza yau, tafiyarsa ta ƙare. A ransa yana cewa, irin wannan baƙon ne ke sa hannu kan aikin wasu a ofis.

Dattijo ya waiwaya ya ce, "Malam, layinka ne."

"Baba, ai bayanka akwai albarka."

Dattijo ya kauce gefe don baƙon ya shiga gaba. Baƙon ya ja birki, ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.