Malam Mai-Cokali da Gangunan Fenti

Ranar Laraba, tara ga watan jiya, da hantsi, rai ya yi halinsa, Malam ya cika. Na Allah ne mu, kuma gare Shi makomarmu take.

Malam, Mai-Cokali muke ce maka a sakandare, saboda cokalin da ba ya barin aljihunka. Makarantarmu ba ta da ɗakin gwaji, sai ka riƙa zuwa da kofuna daga gida. Ka zuba gishiri a ruwa ka motsa, ya ɓace. Ka zuba a kananzir, ya kwanta a ƙasa abinsa. Ka ce gishiri ne mai narkewa, ruwa ne mai narkarwa, kuma kowane abu da irin abin da ke narkar da shi. Ka ajiye kofin a taga har ruwan ya bi iska, gishirin ya dawo. Wanda ya juya su a jarrabawa kuwa, sai ka tambaye shi ko a gidansu shayi ne ke narkewa cikin sukari.

A ajinmu akwai maraya da ka ɗauka ka riƙe, ya ci ya sha tare da 'ya'yanka. Ya girma ya buɗe masana'antar fenti. Da ka yi ritaya ya ba ka kula da ɗakin haɗa fenti, muka yi ta sa masa albarka.

Ɗakin ba taga, sai wata 'yar fanka. Kai ka san launi ne ke zama a bango, ruwan da ya narkar da shi kuwa tashi yake, mai haɗi ya shaƙa. Shi ya sa da warin gangunan ruwan narkar da fentin ya canza ka tambayi marayan nan. Ya dubi tsabar idonka ya ce, "Baba, wanda ka saba da shi ne, kamfani kawai muka sauya." Ka yarda, don ɗanka ne ya faɗa.

Ashe mai guba ya sayo saboda araha, ya sa aka sake wa gangunan tambari.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, da ciwo ya kama ka a ɗakinmu na asibiti aka kwantar da kai. Na ga jininka yana ƙarewa, ana ƙara maka yana zurarewa. Da likita ya gaya maka gubar da ka shaƙa ce dalili, sai ka roƙa a auna sauran ma'aikatan. An auna su, an sami biyu da ciwon bai yi nisa ba. Ka yi ta aike a kira maka marayan da ka rena, bai zo ba. Sai ranar zaman makoki muka gan shi cikin babbar riga, ya zauna a gaba yana karɓar gaisuwa.

Kafin ka cika ka ce ka yafe masa naka, Malam. Na ma'aikatan nan bai yafu ba, mun kai maganar gaban hukuma.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa jinyar nan ta zama kaffara. Ina yi wa Mama uwargidanka da 'ya'yanka da jikokinka ta'aziyya, Allah Ya ba su haƙuri. Mu ɗalibanka kuma, Allah Ya hana mu zama sanadin kukan wanda ya rene mu.