Tauraron da ba ya neman gafara

"Tsaya, yaro. Tauraron nan naku, in za shi bi ta bisa gidajenmu, wa ka yi mai shela?"

Kawuna ne ya jefa wa ma'aikacin hukumar sararin samaniya wannan tambaya jiya a ƙauyenmu na Kebbe. Ni na je har masaukinsa na ɗauko shi a motata, don ambaliya ta sha cinye mana shinkafa a fadama, su kuma hotunan tauraronsu na ɗan'adam na nuna inda ruwa ke bi. Amma in kawu bai yarda ba, ba mai taka fadamar da sunan awo.

A wurinmu ko rufin ɗaki za ka hau gyara, sai ka ɗaga murya ka nemi gafara, matan maƙwabta su kimtsa.

Ma'aikacin bai yi dariya ba. Ya buɗe hoton garin, ya ce, "Baba, nemo gidanka."

Kawu ya duba, ya sake dubawa. Rufi kawai, kamar ƙwayar gero.

"Namu ba ya gane mutum, Baba. Ruwa da gona yake gani."

Kawu ya ce, "To, shina da kunya. Ku tai ku auna."

Na gina kaina da hannuna, na zaga garuruwa, amma ban taɓa jin an tambayi na'ura tarbiyyarta kafin amfaninta ba.

Ku fa, da me za ku fara tambaya?