Yajin Gado

Gado mai agashe ne a wani ƙauyen Hausawa kusa da Managil, a ƙasar Sudan. A bakin tashar mota ya tsufa, yana gasa nama yana barbaɗa masa yajin da shi kaɗai ya san haɗinsa. Mutum ne mai tsare girmansa har abin ya so ya yi yawa: ba ya wasa da fasinja, ba ya dariya da ƙarfi, sahun farko kuma ba ya wuce shi. Abin da yake tinƙaho da shi ɗaya ne, ba a taɓa jin sunansa a wata maganar banza ba.

Da gwiwa ta fara hana shi tsayuwa gaban wuta, sai 'yarsa Hanaa, wadda ta yi karatu a Madani, ta kawo shawara. Hausawa sun cika Jidda da Riyad, suna marmarin agashen gida. A riƙa ƙulla yajin a leda, matafiya su kai, a buɗe shafi a intanet. Ta ce sunan shafin ya zama gajere, wanda za a ji sau ɗaya a riƙe.

"Sunana za a sa," in ji Gado. "In na mutu a san wa ya haɗa."

Hanaa ta fi jin Larabci, Hausarta ta cikin gida ce. Ta haɗa kalmomi biyu, tunda adireshin intanet ba ya karɓar tazara, babban baƙi da ƙarami kuma duk ɗaya ne a wurinsa. Ta rubuta yajingado, ta ga babu wanda ya riga su, ta yi murna.

Saƙonni suka fara shigowa, fiye da yadda aka zata. Wata rana da hantsi, Gado na zaune da amininsa Mati a tasha, Hanaa ta kunna musu saƙon murya daga wani mutum a Jidda. Mutumin ya yi ƙasa da murya, ya ce shi magidanci ne, ƙarfinsa ya ragu, yajin gadon nan a shayi ake sha ko a nama?

Mati ya yi dariya har da riƙe ciki. Gado kuwa kunya ta rufe shi, ga 'yarsa tsaye.

"Shunu, Baba? Mi ya ce?"

"Kashe abin ga," ya ce. "Je ki tambayi innarki."

Ba a yi la'asar ba labari ya gama tasha. Direbobin da ba su taɓa iya haɗa ido da shi ba suka fara leƙo kai ta taga: "Ya Hajj, a ba mu na gado!"

Hanaa ta yi kuka, ta ce a sa ɗan layi tsakanin kalmomin. Gado ya ce layi ba ya shiga kunne. Ta ce to a sa Gado shi kaɗai. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

"Halas, ɗiyata. Cire ni gaba ɗaya. Sa sunan gari."

Haka aka yi. Yaji na tafiya har yau, ana yaba shi a Jidda, ana cewa na Managil ne. Ko a shafin ko a jikin ledar, babu inda aka rubuta wanda ya haɗa.