Ranar da Bashir Ya Ƙi Rubuta Kore

A shekarar da naira da kwabo suka karɓi wurin fam da sule, wata Litinin da hantsi, hedimasta ya shigo ajinmu a Kudan riƙe da hannun wani siririn yaro. Sunansa Bashir. A Sudan aka haife shi, kan hanyar iyayensa ta dawowa daga Makka, a can kuma ya tashi, don haka Larabci ne a bakinsa, Hausarsa kuwa guntu-guntu. Da yake na yi nisa a allo wurin mahaifina, aka zaunar da shi kusa da ni. Duk kalmar Turancin da aka koya mana, sai in rubuta masa ita da ajami a bayan littafinsa. Tare muke sharar filin makaranta, tare muke ɗebo ruwan randar malamai, in an tashi mu bi gefen fadama muna shan rake har leɓunanmu su tsage. Mahaifinsa bai so bokon ba. Ya ce zango ɗaya zai gwada.

Wata rana malamin Turanci ya koya mana cewa Turawa kan ce mai hassada ya koma kore, ya ce kowa ya rubuta. Na fassara wa Bashir. Ya ajiye fensir. Da Larabci ya gaya mini kore tufafin 'yan Aljanna ne, launin ƙubbar masallacin Manzo ne, a wurinsu in an kira mutum da kore albarka ake nufi. Hannunsa ba zai haɗa shi da hassada ba. Malam ya tambaye ni me yake cewa. Na fahimci komai, amma na dubi bulalar da ke kan tebur, na ce taurin kai ne kawai. Shida aka yi masa. A filin langa yara suka laƙaba masa Kore, har da ni a masu dariya. Mahaifinsa ya ga shatar bulala, Bashir bai ƙara dawowa ba.

Yanzu jikokina na haddace irin waɗannan maganganu a waya, ba wanda launi ke tsaya wa a rai. Ni kuwa na tsufa da abin. Bara, bayan sallar Juma'a, na hau mashin na sami Bashir a gonar rakensa wajen ƙauyen Taba. Muka daɗe muna gaisawa kafin in iya faɗin abin da ya kawo ni. Ya sare kara ɗaya, ya fere, ya miƙo mini.

"Na san ka ji ni ranar, Malam Idi," ya ce. "Jira nake ka faɗa da bakinka. Na yafe."

Muka zauna muna sha. Gonar kore shar, har iyakar ganina.